Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Noma: Wa Ke Ƙirga Mana Masu Kwana da Yunwa?

Zuwa ga Mai Girma Sanata Abubakar Kyari,
Ministan Noma da Samar da Abinci,
Abuja.



Ranka ya daɗe, ba roƙon taki ya kawo ni ba, ba kuma na tarakta ba. Masu wannan roƙon suna da yawa, sun kuma fi ni murya. Maganata a kan wani aiki ce da ke ƙarƙashin ma'aikatarka, wanda ba a yi masa bikin buɗewa, ba a kuma ɗaukarsa hoto: aikin binciko su wane ne ke kwana da yunwa a ƙasar nan, a wace ƙaramar hukuma suke, me ya jefa su ciki, kuma ina za su kasance nan da wata huɗu idan ba a yi komai ba.

Sau biyu a shekara, wajen Maris da kuma bayan kaka, jami'an ma'aikatarka da na jihohi suna zama tare da ma'aikatan hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji, su baje bayanan da aka tattaro, su fitar da taswirar da ake kira Cadre Harmonisé. Tsari ne na ƙungiyar CILSS, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1973 saboda azabar farin shekarun nan. Kai ba baƙon labarin wannan fari ba ne, domin mahaifinka, marigayi Birgediya Abba Kyari, shi ke riƙe da Jihar Arewa ta Tsakiya a lokacin. Taswirar tana raba jama'a hawa biyar. Hawa na ɗaya lafiya lau. A na biyu ana ci, amma kuɗin magani da na makaranta sun fara gagara. A na uku abinci ya fara yankewa, ko kuma sai an sayar da abin da gida ya dogara da shi kafin a ɗora tukunya. A na huɗu tamowa ta yi yawa, an fara binne mutane. Na biyar shi ne wanda ba a fata.

Daga wannan zama ne alƙaluman da jaridu ke yayatawa suke fitowa. A ƙarshen 2023 an yi hasashen mutum miliyan 26.5 za su kasance a hawa na uku ko sama da haka a daminar 2024. Bayan shekara ɗaya adadin ya koma miliyan 33.1. A ƙarshen 2025 kuma aka ce miliyan 34.7 a jihohi 27 da Abuja, tsakanin Yuni da Agustan 2026. Duk wanda ke rabon abincin agaji a ƙasar nan, daga Hukumar Samar da Abinci ta Duniya har zuwa ƙaramar ƙungiyar da ke dafa fate a sansanin 'yan gudun hijira, da wannan taswira yake kafa hujja idan ya je neman kuɗi. Ita ke nuna motar hatsi ta nufi Monguno ko ta nufi wani wuri.

Yadda adadin yake samuwa shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Wani matashi ne ko wata matashiya ke shiga gida gida da waya a hannu, a tambayi uwargida: a kwana bakwai da suka wuce, kwana nawa kuka ci hatsi, kwana nawa wake, kwana nawa nama ko kifi ko nono? An taɓa kwana ba a ci ba? Manya sun haƙura sun bar wa yara? An ci irin shuka? An sayar da tunkiya mai haihuwa? Wata ma'aikaciyar lafiya kuma tana ɗaura ma'aunin nan mai launi a damtsen yaro, in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, to tamowa ce mai tsanani. Wani yana kasuwa yana rubuta kuɗin mudun gero da na masara, da kuma buhu nawa akuya za ta iya sayowa. Sai a haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam na ruwan sama da tsiro, irin waɗanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke nazari, da hasashen damina na hukumar yanayi ta NiMet, da rahoton amfanin gona da cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello ke fitarwa duk shekara. Aiki ne mai cin man mota, da alawus, da horo, da haƙuri.

Tambayata, ranka ya daɗe, ita ce: aljihun wa ke ɗauke da shi? Sunan ma'aikatarka ne a saman takardar, wannan gaskiya ne. Amma kaso mai tsoka na binciken da ake zama a kai, musamman a Borno da Yobe da Adamawa, abokan hulɗa na waje ke biyan kuɗinsa. Shi ya sa shawarar da ke yawan dawowa a ƙarshen waɗannan rahotanni ita ce gwamnatin tarayya da na jihohi su ware wa aikin kuɗi a kasafinsu. Shawarar da aka riƙa maimaitawa shekara da shekaru, ai ba sai an tambayi ko an ɗauke ta ba.

Shekarar 2025 ta nuna mana inda wannan dogaro ke kai mutum. A ƙarshen Janairu, bayan gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, shafin FEWS NET ya ɗauke ɗif. Wannan cibiya ce da hukumar USAID ta kafa a 1985 bayan yunwar Habasha da ta Sahel, kuma shekara arba'in tana cikin manyan masu gargaɗin yunwa a duniya, har da Najeriya da Nijar da Chadi. Sai bayan watanni ta dawo. A farkon shekarar ne kuma aka yanke kuɗin shirin binciken lafiyar iyali na DHS, wanda shi ne ya gaya mana a zagayensa na 2023 zuwa 2024 cewa yara 40 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure. Ba wanda ya tuntuɓe mu, kuma ba mu da bakin ƙorafi, tunda kuɗin mutane ne. Zanen aro ba ya rufe katara. Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin abinci da kuɗin bincike tare suke ƙafewa. A Yulin 2025 Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa tallafin da take bai wa mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas yana gab da tsayawa, kuma cibiyoyin kula da tamowa kimanin 150 na fuskantar rufewa. Idan cibiya ta rufe, rajistarta ma ta rufe. Yaron da da za a rubuta sunansa ya daina bayyana a lissafi, sai takarda ta nuna tamowa ta ragu alhali mai ƙirgawa ne ya tafi gida.

Ka san Bama fiye da ni. A watan Yunin 2016 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, suka samu shiga garin na 'yan sa'o'i. Sun tarar da mutum kusan 24,000 a sansanin da ke harabar asibiti. A gefen sansanin suka ƙirga kaburbura 1,233 da aka haƙa cikin shekara guda, 480 daga ciki na yara ne. Sai a Disamba na wannan shekara FEWS NET ta fito ta ce alamu sun nuna an yi yunwa ta hawa na biyar a Bama. Ihu bayan hari ke nan. Garin yana hannun gwamnati tun 2015, bai kuma kai tafiyar sa'o'i biyu daga Maiduguri ba in hanya lafiya, amma sai da baƙi suka ƙirga kaburbura kafin ƙasa ta san abin da ke faruwa. Kuma a wannan Disamba ne fadar shugaban ƙasa ta lokacin ta zargi hukumomin agaji da zuzuta lamarin don neman kuɗi.

Dalilin da ya sa irin wannan jinkiri ke faruwa yana cikin ƙa'idar kanta. Kafin masana su ayyana hawa na biyar a wani yanki, sai an tabbatar da abu uku: gida ɗaya cikin biyar ba shi da abinci kwata-kwata, yara 30 cikin 100 na fama da tamowa, sannan mutum biyu cikin kowane 10,000 na mutuwa kullum. An tsaurara ƙa'idar ne don kada kowa ya riƙa kiran yunwa yadda ya ga dama, kuma hakan daidai ne. Amma ma'anarsa ita ce ranar da aka furta kalmar, an riga an yi jana'iza da yawa. A Somaliya, inda aka ƙirƙiro ma'aunin IPC a 2004, ɗan'uwan wanda muke amfani da shi, yunwar 2011 ta kashe mutum kusan 258,000, rabinsu yara ƙanana, kuma kusan rabin mamatan sun rasu ne kafin a ayyana yunwar a watan Yuli. Gargaɗi kuwa an yi ta yin sa tun shekarar da ta gabaci yunwar. Masu bincike sun yi nasu, masu sa hannu a takardar kuɗi ne suka tsaya jiran hoton yaro mai ƙasusuwa.

Akwai kuma wuraren da mai tambaya ba ya iya taka ƙafarsa. Abadam, Guzamala, Marte, Kukawa: duk suna cikin mazaɓar da ka wakilta a Majalisar Dattawa. Abin da aka sani game da mutanen da suka rage a dazukan irin waɗannan wurare, mafi yawansa daga bakin waɗanda suka tsero ake jin sa. A tare su a inda suka sauka, a auna damtsen 'ya'yansu, a tambaye su me suka baro. Dabara ce mai kyau, amma wanda ya iya tafiyar kwana biyu a ƙasa ba shi ne mafi rauni a ƙauyensu ba. Haka binciken da ake yi ta wayar salula: wanda ke da waya, da caji, da sabis, shi ke amsawa, kuma galibi maigida ne, alhali matar da ke auna tsaba ita ta san ranar da tukunya ba ta hau wuta ba. Ga kuma babbar matsalar da ke ƙarƙashin duka: rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006. Duk kason da aka fitar, a kan ƙiyasin yawan jama'a ake ninka shi, a yankunan da yaƙi ya kwashe gari guda ya juye a wani. Ba ina cewa a yi watsi da alƙaluman ba ne, su ne mafi ingancin abin da muke da shi. Cewa nake yi mai su ya kamata ya san inda suke yoyo, ya kuma kashe kuɗi ya toshe.

Arewa maso yamma ta fi ba ni tsoro. Shekara da shekaru shirin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya jihohi uku na arewa maso gabas ya fi mayar wa hankali, don haka can ne ma'aikata suke, can ne bincike ya fi yawa. Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda 'yan bindiga suka hana noma, suka sa wa ƙauyuka haraji kafin shuka da kafin girbi, ba su samu irin wannan ido ba. MSF ta sanar cewa a wata shida na farkon 2025 yara 652 ne suka rasu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina. Waɗannan su ne suka iso asibiti. Katsinar nan kuwa ba yau ta fara ba. A ƙasar Kaita ne masani Michael Watts ya yi binciken da ya zama littafinsa na 1983 a kan tarihin yunwa a ƙasar Hausa, tun daga yunwar Kakalaba ta 1914 har zuwa farin shekarun 1970, kuma abin da ya nuna shi ne ba ƙarancin ruwa kaɗai ke kashe talaka ba, har da haraji, da bashi, da farashi.

A nan nake so in daɗe kaɗan, domin ma'aikatar noma a ko'ina tana da wata ɗabi'a: tan nawa aka girbe take ƙirgawa, in ya yi yawa sai ta ce an wadata. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana kuɗar wannan lissafi a 2005. Suna da tsarin gargaɗin gaggawa, an kuma auna giɓin hatsin da fari da fara suka jawo a 2004, aka ga bai kai na tashin hankali ba. Amma inda yara suka fi mutuwa shi ne Maraɗi da Damagaram, rumbun ƙasar, inda kasuwa ke cike da gero. Farashi ne ya tashi, kuɗin dabba ya faɗi, manomin da ya ci bashi ya biya da hatsi a kaka ya dawo yana sayen hatsin nan da tsada ninki a damina. MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a shekarar. Kasuwanninmu da nasu kuwa jini ɗaya ne, abin da ya motsa a kasuwar Dawanau ta Kano ana jin sa a Maraɗi kafin mako ya zagayo.

Mu ma mun ga irinsa kwanan nan. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar naira, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Ba fari aka yi ba. Hatsi na nan a kasuwa, amma magidanta a Kano suka koma sayen afafata, shinkafar da a da kifi ake zuba wa. Daga baya aka buɗe ƙofar shigo da masara da shinkafa da alkama ba haraji na kwana 150, farashi ya sauko, gwamnati ta yi murna, mai saye a birni ma ya ɗan numfasa. Sai dai manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da masara da araha yana can yana lissafin ko zai sake noma ta. Saukar farashi a kaka na iya zama farkon ƙarancin baɗi. Mai bin diddigin da ya san aikinsa zai riƙa auna duka biyun, kuɗin mudu da kuɗin buhun taki, ladan ɗan ƙwadago na yini da mudu nawa zai saya da shi, kowane mako, ba sau biyu a shekara ba. Malaman gona na hukumomin raya karkara na jihohi, irin su KNARDA a Kano, su ne ya kamata su zama ƙafafun wannan aiki. Sun san ƙauyukan, an san su. Amma kowa ya san yadda suka ƙaranta, da yawa sun yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, waɗanda suka rage kuma babur ma sai wanda ya saya da kuɗinsa.

Sai batun siyasa, wanda na san ba sai na koya maka ba. Babu gwamnan da ke son a shafa wa jiharsa jan launi a taswira ana gab da zaɓe, akwai kuma wanda zai so a shafa mata don motocin hatsi su biyo ta ofishinsa. Duka biyun ɓarna ce. Shugaba Mamadou Tandja ya musanta cewa akwai yunwa a Nijar a 2005, musun bai ciyar da kowa ba. Kafin shi, yadda aka yi da kayan agajin fari yana cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da suka kifar da Shugaba Diori Hamani a Afrilun 1974. A Disamban 2024 gwamnatin Sudan ta janye daga tsarin IPC ana gab da fitar da rahoton da ya nuna yunwa ta bazu bayan sansanin Zamzam. Najeriya ba ta kai nan ba, kuma yabo ne ga ma'aikatarka cewa ana fitar da alƙaluman ko da ba su yi wa gwamnati daɗi ba. Amma wannan kariya a yanzu ta dogara ne da halin mutanen da ke kan kujera da kuma idon baƙin da ke zaune a teburin. Ranar da baƙin suka tattara nasu ya nasu, me zai hana a kira ƙaramin jami'i a waya a ce ya rage adadin? Shi ya sa kuɗi kaɗai ba zai isa ba. Ana bukatar doka ko ƙa'ida rubutacciya da za ta sa ranar fitar da rahoto ta zama tsayayya, a wallafa bayanan da aka yi aiki da su don malaman jami'o'inmu na Zariya da Kano da Maiduguri da Sakkwato su iya bin sawu, shugaban sashen kuma ya zama masani mai wa'adi, wanda ba za a tsige shi don ya faɗi abin da ya gani ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda in babu shi duk sauran wahalar banza ce. Rahoton Maris yana faɗin inda za a shiga uku a Yuni, Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ya taso wa yara. Wata uku ke nan na shiri. Me dokar ƙasa ta wajabta wa wani ofishi ya yi a cikin wata ukun nan? Shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci a Yulin 2023. A Fabrairun 2024 aka ba da umarnin fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunan gwamnati, amma umarnin ya zo ne bayan mata da matasa sun tare hanya a Minna, ba bayan rahoton masana ba, alhali hasashen miliyan 26.5 yana kan tebur tun watanni kafin nan. Idan zanga-zanga ce ke buɗe rumbu, to mutanen Guzamala da na ƙauyukan Zurmi ta Zamfara ba za su taɓa samu ba, domin ba su da babbar hanyar da za su tare. Abin da ya dace shi ne a rubuta tun yanzu: duk ƙaramar hukumar da aka yi hasashen za ta shiga hawa na huɗu, kaza daga rumbun ƙasa zai isa can kafin ruwa ya yanke hanya, kaza na kuɗi zai tafi ga gidajen da aka tantance, abincin tamowa zai isa asibitocinta, ba tare da jiran wani ya je Abuja ya yi kamun ƙafa ba. A kuma dawo bayan kaka a bincika ko ya isa, a faɗa wa jama'a da Hausa da Kanuri da Fulatanci a rediyo, don mai unguwa ya san abin da aka rubuta da sunan mutanensa.

Ranka ya daɗe, kuɗin wannan aiki na shekara guda bai taka kara ya karya ba idan aka ajiye shi kusa da abin da ake kashewa a rabon taki ko sayen motocin ofis. Ina roƙonka ka sa masa layinsa na kansa a kasafin ma'aikatarka na shekara mai zuwa, ka tabbata an saki kuɗin kafin zagayen Maris, ka kuma kai maganar gaban Majalisar Noma ta Ƙasa domin kwamishinonin jihohi su yi haka a nasu. Ka fara da Zamfara, Katsina, Sakkwato da arewacin Borno.

Allah ya yi maka jagora, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan ƙasa mai bibiyar harkar noma, daga Kano.